Yadda na bi layin asibiti a Kano don rage ƙiba, daga yankar kati zuwa wata na shida

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne rashin sanin ƙofar da ake shiga. A babban asibitin gwamnatin da na je babu ɗakin da aka rubuta "ƙiba" a jikinsa, kuma duk wanda na tambaya sai ya ce, "Hajiya, ina ke miki ciwo?" Da na ce nauyi ne ya yi mini yawa, sai a nuna mini wani wajen. Hanyar ita ce sashen da ake ganin marasa lafiyar da ba a kwantar ba, wurin likitocin iyali. Su ne ke fara duba mutum, su rubuta gwaje-gwaje, sannan su tura shi inda ya dace. Wanda ya tsallake su ya nufi sashen masana abinci kai tsaye, dawo da shi za a yi ya karɓo takardar turawa.

Ranar farko na isa ƙarfe bakwai saura na safe, na tarar da layi har ya yi kwana. Akwai wurin biyan kuɗi daban, wurin buɗe fayil daban, kuma sai da rasit ake ba da kati, don haka a fara da biya. Ma'aikacin gwamnatin jiha da ke cikin tsarin inshorar lafiya na KSCHMA, ko na tarayya da ke cikin na NHIA, ya taho da katinsa ya fara biyawa ta teburin inshora, domin idan ya riga ya biya daga aljihunsa da wuya kuɗin su dawo. Abu na biyu da ya kamata a riƙo shi ne duk wani magani da ake sha, a zubo su a leda da kwalayensu: na asibiti, na kemis, na gargajiya, har da shayin rage teɓa idan ana sha. Ni ban kawo ba, sai da na riƙa kwatanta launin ƙwaya, likita kuwa ba ya aiki da launi.

Kafin ganin likita nas-nas ke auna mutum. A nan a lura da abu uku. Sau da yawa nauyi da hawan jini kawai ake aunawa saboda yawan jama'a, to ki roƙa a auna tsayinki da ƙugunki, domin ba tare da tsayi ba nauyi ba ya nuna komai. Nawa ya nuna kilo 96, tsayi mita 1.62. Ana raba nauyin da tsayin da aka ninka da kansa, a samu ma'aunin da ake kira BMI, nawa ya fito 36.6. Daga 18.5 zuwa 24.9 shi ne daidai, 25 zuwa 29.9 nauyi ya haura, daga 30 kuma sunansa ƙiba a likitance. Ƙugu ana auna shi ne tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin kwankwaso, bayan an sauke numfashi, ba a kan zani mai kauri ba. Mace idan ta wuce santimita 88, namiji 102, hatsarin ciwon suga da na zuciya ya yi sama sosai. Nawa 108 ne. Sai robar da ake naɗawa a dantse: idan dantsen mai kauri ne aka sa ƙaramar roba, awon hawan jini zai nuna sama da gaskiyarsa. Da ƙaramar an samu 160 bisa 100, da aka kawo babba na huta minti biyar sai ya nuna 148 bisa 94. Har yanzu ya haura 140 bisa 90, amma bambancin ba ƙarami ba ne ga likitan da zai yanke shawarar fara magani.

Sai wajen sha ɗaya da rabi na shiga wurin likita. Na ɗauka zai ce in daina cin tuwo ne ya sallame ni, sai ga shi da tambayoyi. Yaushe nauyin ya fara hawa, bayan wace haihuwa? Akwai mai suga ko hawan jini a gidanmu? Ana ce mini ina munshari? Al'ada tana zuwa daidai? Wane tsarin tazarar haihuwa nake kai? Na ce allurar wata uku, ya ce tana cikin abubuwan da kan ƙara wa wasu mata nauyi, amma kada in daina da kaina, in je sashen tazarar haihuwa mu tattauna wata hanyar. Sannan ya sassauta murya ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri da tambayar, kin taɓa shan maganin ƙiba?" Ya ce kowace mace yana tambayarta, domin abin da 'yan mata ke kira sha-ka-fashe, wanda ake ba amare kafin biki, yawanci haɗin deksametason ne da sifroheptadin. Na farkon yana tara kitse a fuska da ciki da doron wuya, ya tayar da suga da hawan jini, ya sa fata ta yi nankarwa. Na biyun yana buɗe ciki ya sa barci. Wadda ta daɗe a kan deksametason idan ta yanke shi rana ɗaya za ta iya faɗuwa, don jiki ya rage yin nasa sinadarin, dole likita ya riƙa rage mata a hankali. Duk wadda ta san ta sha, ta faɗi gaskiya a ɗakin nan, ba alƙali ba ne.

Gwaje-gwajen da ya rubuta su ne sugan jini kafin karyawa, HbA1c mai nuna yadda suga ya kasance a wata biyu zuwa uku da suka wuce, kitsen jini, aikin hanta da ƙoda, da na maƙoƙo. Ba a yin su a ranar, tunda ana so mutum ya zo bai ci komai ba na awa takwas zuwa sha biyu. Ruwa zalla ya halatta, shayi ko da babu madara ya ɓata gwajin. A nan na yi asarar yini guda: na zo da yunwata tun ƙarfe bakwai, ashe sai an biya an buga wa takarda hatimi kafin a ɗebi jini, kafin in gama da layin biya lokacin ɗiba ya wuce. Dabara ita ce a biya tun ranar da likita ya rubuta, washegari a miƙe ɗakin gwaji. Kati da ganin likita ba su da tsada, HbA1c da na maƙoƙo ne ke cin kuɗi. Ni duka na kashe kusan naira 35,000, ban da kuɗin adaidaita, kuma farashin yana motsawa, a tambaya tukuna. Na suga ya fito a ranar, sauran sai bayan kwana huɗu.

Da na koma da sakamako, suga 6.3, HbA1c kashi 6.1, maƙoƙo lafiya lau. Likita ya ce ban kai ga ciwon suga ba, wanda ke farawa daga suga 7.0 ko HbA1c kashi 6.5, amma ina bakin ƙofarsa. Gabana ya faɗi, gaskiya. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne adadin da ya nema. Bai ce in koma jikin 'yan matanci ba, cewa ya yi in rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari a wata shida, wato kilo biyar zuwa goma. Ya kawo babban binciken nan na Amurka da aka wallafa a 2002, inda masu irin matsayina da aka ɗora kan burin rage kashi 7 na nauyinsu da tafiyar minti 150 a mako suka rage hatsarin kamuwa da suga da kashi 58 cikin ɗari. Ya rubuta mini takardar zuwa wurin masaniyar abinci, ya ce hawan jinin a sake aunawa sau uku a ranaku daban-daban kafin a yi zancen magani.

Wurin masaniyar abinci ne na gane cewa matsalar ta fi kwano faɗi. Ranar farko ba ta ba ni wani jadawalin abinci ba. Littafi ta ce in saya na 'yan makaranta, in ja layi biyar: lokaci, abin da na ci, yawansa, da wa na ci, da halin da zuciyata ke ciki a lokacin. Kwana bakwai, har da ranar biki idan ta faɗo a ciki, kuma a rubuta a take, don idan aka bari sai dare rabin abin zai ɓace. Da na mayar mata, sai ta ɗauki jan biro tana zagaye wasu wurare, kuma ba tuwon dare ta fi zagayewa ba. Ragowar abincin yara da nake cinyewa don kada a yi almubazzaranci, kusan kullum. Shayi mai suga cokali uku sau biyu a rana. Lemon kwalba duk sanda aka yi baƙi, domin ba a barin baƙo ya sha shi kaɗai. Suna ɗaya, walima ɗaya, ziyarar gidan surukai ɗaya a cikin makon nan, kowanne da shinkafa da soyayyen nama da ledar tafiya gida. Sai cincin da soyayyar taliya bayan ƙarfe goma na dare, a ranakun da layi na biyar ya ce "raina a ɓace".

Ta ce mini, "Malama, kin ga yawancin wannan ba yunwa ba ce, kara ce da zumunci." Kuma haka ne. A garin nan ciyarwa ita ce yaren ƙauna. Mai jego kwana arba'in ana ɗura mata kunun kanwa da gasasshen nama da farfesu, ba ta ɗaga ko tsinke, kuma idan ta fito ta yi ɓul-ɓul sai a yaba wa uwarta da mijinta. Amarya idan ta ciko an ce hankalinta ya kwanta, idan ta rame an ce akwai magana. Magidanci ya ajiye tumbi, an ce kuɗi sun zauna. Mai neman rage jiki yana kokawa da duk wannan a lokaci guda, kuma da mutanen da ke ƙaunarsa yake yi, shi ya sa ya fi wuya. Ba mu kaɗai ba ne: wani bincike da aka wallafa a 2007 a kan mutanen garin Framingham na Amurka, da aka bi sama da mutum 12,000 tsawon shekara 32, ya nuna idan abokin mutum ya yi ƙiba, yiwuwar shi ma ya yi tana ƙaruwa da kashi 57 cikin ɗari. Ido yana sabawa da jikin da yake gani da girman malmalar da ake zubawa, har ya ɗauke su daidai.

Abin da ta tsara mini bai fitar da ni daga abincin gida ba. Faranti a raba: rabi ganye da kayan lambu, zogale, rama, alayyafo, kabeji, kubewa, yalo, rubu'i tuwo ko shinkafa ko dambu gwargwadon dunƙulen hannuna, rubu'i wake, kifi, ƙwai, awara ko nama marar kitse. In zuba nawa a faranti daban in daina ci a tire ɗaya da yara, domin a tire ba a sanin abin da aka ci. Mai a daina tsiyaya shi daga galan, a auna da cokali, tunda babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja yana ɗauke da kalori kusan 120, kuma wanda ake kwarara wa garau-garau ko ɗanwake yakan kai uku. Suga kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce kashi 10 na kalorin abincin yini, kimanin giram 50, wato ƙananan cokula 12, robar lemo guda ta rabin lita kuma ta kusa cinye wannan kason ita kaɗai. Zoɓo da kunun aya da fura na sayarwa su ma haka, sai dai a yi a gida. Gishiri ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya a yini, kuma dunƙulen ɗanɗano yana cikin lissafin. Ta ce cefanen ganye a 'Yankaba da na marmari a 'Yan Lemo sau ɗaya a mako ya fi araha a kan saye ɗai-ɗai a unguwa, na gwada na ga haka ne. Har maganar da zan faɗa a gidan biki ta koya mini. "Ina rage jiki" tana jawo musu da dariya, amma "likita ya ce sugana ya fara hawa" tana rufe zance, har a riƙa yi maka sannu. A karɓi abincin, a taɓa nama da ganye, a yi godiya, saura a ƙulla wa yara.

Saboda layin nan na biyar na littafin, wato na halin zuciya, ta tura ni wurin masanin halayyar ɗan'adam, kuma sai da na yi mako uku ina riƙe da takardar ban je ba. Sashen yana haɗe da na masu taɓin hankali, ina tsoron wani ya gan ni a bencin. Na faɗi wannan ne don na san da yawa a nan suke yanke tafiyar, alhali nan ne aka fi taɓa tushen abin. Ba a ba ni ƙwaya ko ɗaya ba. Takarda ce mai tambaya tara a kan mako biyun da suka wuce, barci, kasala, cin abinci, jin daɗin rayuwa, sannan hira ta kusan minti arba'in. Sakamakona ya nuna damuwa marar tsanani. Ya bayyana mini cewa damuwar da ta daɗe tana sa jiki ya riƙa fitar da wani sinadari mai suna kortisol, shi kuma yana jawo kwaɗayin zaƙi da maiƙo, yana tara kitse a ciki. Ƙarancin barci yana ƙara sinadarin girelin mai kiran yunwa, ya rage leftin mai cewa an ƙoshi. Ni kuwa sai sha biyu da rabi nake ajiye waya, in tashi kafin asuba. Ya nuna mini yadda ake bambancewa: yunwar ciki a hankali take zuwa, kowane abinci ya ishe ta, tana tsayawa idan an ƙoshi. Ta zuciya farat ɗaya take zuwa, abu takamaimai take so, bayanta kuma sai nadama. Idan ta zo in jinkirta minti goma sha biyar, in sha ruwa, in yi alwala ko in kira wata 'yar'uwa, in rubuta abin da ya tayar da ita. Ya kuma hana ni horar da kaina da yunwa washegarin ranar da na ci da yawa, domin wannan ne ke haifar da zagayen: a ƙi ci da rana, a afka wa tukunya da dare, a ji kunya, gobe a maimaita. Gori da tsokana, ko na gida ne, ya ce ba sa sa mai ƙiba ya rage, sai dai su koya masa ci a ɓoye.

Zama na biyu ya ce in zo da maigidana. Na ga amfanin haka fiye da komai. Da bakin ma'aikacin asibiti ya ji cewa ramewar da za a gani ba ciwo ba ce kuma ba rashin kulawa ba ce, don haka da Hajiyarsa ta tare shi da "me ka yi wa yarinyar nan take zubewa?" yana da amsa. Ya daina shigowa da tsire da lemo ƙarfe goma na dare, abincin dare ya dawo bayan magariba. Wadda ke zaune a gidan yawa ko take da abokiyar zama, ta yi ƙoƙari a sanar da mai raba girki da babbar gidan, in ba haka ba farantin da aka ware zai zama abin magana.

Motsa jiki bai buƙaci kuɗi ba. Minti talatin, kwana biyar a mako, da saurin da za ki iya magana amma numfashi ya ɗan ɗaga. Zafin Kano daga watan Maris zuwa Mayu ba ya barin tafiyar rana, sai bayan asuba ko dab da magariba. Na fara da minti goma a tsakar gida, na riƙa ƙara biyar duk mako, daga baya muka haɗu mu uku a layinmu muna kai yara makaranta a ƙafa. Mai nauyi irin nawa kada ta fara da tsalle da igiya ko hawan Dala, gwiwa za ta kumbura ta zaunar da ita wata guda. Takalmi mai taushin ƙasa, ba silifas ba.

Ana komawa awo duk wata, a kan sikeli ɗaya, da safe, da kaya marasa nauyi. Watan farko kilo biyu da rabi suka tafi, na biyu kilo biyu. A na uku sikeli ya tsaya cak har mako biyar, kuma a nan ne shayin rage teɓa da ake tallatawa a waya ya fi jan hankali. Masaniyar abincin ta ce yawancinsu ganyen filasko ne ko maganin sa fitsari, ruwa suke zubarwa ba kitse ba, suna kwashe gishirin jiki su wahalar da ƙoda, kuma nauyin yana dawowa da an sha ruwa. Tsayawar kuwa ɗabi'ar jiki ce, idan ya ragu yakan rage abin da yake ƙonawa ya ƙara kiran yunwa. Ta sa na sake rubutun kwana bakwai, sai ga mai ya koma tsiyaye, malmala ta ƙara girma ba tare da na lura ba. Azumi ya zo a wata na huɗu. Ta ce in buɗe baki da dabino uku da ruwa, in yi sallah, sannan in ci faranti ɗaya, soye-soye sau biyu a mako, kada in bar sahur. Duk da haka makon Sallah ya mayar mini da kilo ɗaya da rabi, kuma ta riga ta gaya mini za a yi haka, in dai koma tsarina ranar da baƙi suka ɗauke ƙafa.

Da zan sake bin hanyar nan, zan fara rubutun kwana bakwai tun kafin in yanki kati, in je da shi hannun likita, hakan zai rage zuwa ɗaya cur. Zan ajiye kwafin kowane sakamako a gida, don fayil yakan yi ɓatan dabo a ranar da aka fi bukatarsa. Zan nemi a haɗa mini ranar masaniyar abinci da ta likita, ana yi idan aka roƙa a wurin ba da rana. Ba zan ɓata mako uku ina jin nauyin zama a bencin nan ba, kuma zan shigo da mutanen gida tun makon farko, domin su ne ke sayo abin da ke shiga tukunya, su ne kuma ke magana idan jiki ya fara sauyawa. Wanda ke shan maganin suga ko na hawan jini ya sanar da likitansa kafin ya rage ci, don maganin yakan bukaci ragewa yayin da nauyi ke sauka.

A awon wata na shida nauyi ya nuna kilo 88.5, ƙugu santimita 99, hawan jini 132 bisa 84 ba tare da magani ba, sugan safe 5.5. BMI yana 33.7, wato har yanzu ina cikin rukunin masu ƙiba, don haka likita ya ce wata uku masu zuwa aikin shi ne riƙe wannan nauyin kada ya koma, sai a sake HbA1c, sannan mu sa sabon adadi. An ba ni ranar Talata, ƙarfe takwas, aka ce in zo ban karya ba.